Wadda Take Tsaye

"Ni za ka ce wa in huta? Na zo na same ka na ce maka na gaji?"

Koci Babba ce ke wannan magana, tana zaune a ƙaramin ɗakin taro na otal, ƙafarta ta dama a miƙe a kan wata kujerar saboda gwiwa. Shugaban hukumar ƙwallon kwando yana can ɗaya ƙarshen teburin, ya sha turare har na'urar sanyaya ɗaki ta kasa da shi. Mutum ne da bai taɓa jefa ƙwallo a kwando ba tun da aka haife shi, amma duk inda za a ɗauki hoto da 'yan wasa, shi ne a tsakiya, haƙora a waje.

"Hajiya, ba korarki aka yi ba. Ki daina cewa kora."

"Ban ce kora ba. Kai ka faɗa yanzu."

"Gyara ne kawai. Sunanki zai koma na biyu, nata ya hau na ɗaya. Kujerarki tana nan a benci, ba mai taɓa ta. In kuma kin fi son sama wajen manyan baƙi, akwai kujera mai laushi, har lemo ake kawowa."

"Yau da la'asar muke wasan kusa da na ƙarshe. Ƙasar nan ba ta taɓa zuwa nan ba sai da ni. Sai yau gyara ya kama ka?"

Shugaba ya juya zobensa, ya dubi kwalaben ruwan da aka jera a tebur kamar su za su ba shi amsa.

"Duniya ta riga ta ga wadda take tsaye, Hajiya. Masu ɗaukar nauyinmu ita suke tambaya. Ni ma daga sama ake kirana."

To, ga yadda abin yake. Gwiwar Koci Babba ta lalace tun tana budurwa tana wasa, kuma da shekaru suka ja sai ta ƙi tsayuwa sam. Dokar wasa kuwa mutum ɗaya ta yarda ya tsaya a bakin fili, ko koci ko mai taimaka masa. Sai ta zauna, mataimakiyarta ta tsaya. In Koci Babba ta ga abin da za a yi, sai ta yi gyaran murya, yarinyar ta sunkuyo, ta raɗa mata a kunne, ita kuma ta miƙe ta isar wa 'yan wasa. Haka suke yi shekara da shekaru, a gida ba wanda ya damu, don kowa ya san bakin da maganar ta fito. Amma da aka zo gasar ƙasashe, masu kyamara ba su san wannan tarihi ba. Su dai sun ga yarinya doguwa, kyakkyawa, tana kai da kawo tana ɗaga hannu, a bayanta kuma ga wata tsohuwa a zaune da ƙafa a miƙe. Wai har wani mai sharhi ya ce da alama uwar ɗaya daga cikin 'yan wasan ce aka bari ta zauna kusa.

Mataimakiyar, wadda kowa ke kira Koci Ƙarama, ko Ƙarama kawai, tana cikin ɗakin tun da aka fara. Ta zauna a gefe, ta zuba wa tebur ido kamar an ce ta ƙirga zanen katakon.

"Ke. Ɗago kanki."

Ta ɗago.

"Kin san da wannan?"

"Goggo, ni ma kirana aka yi."

"Ban tambaye ki ko kiranki aka yi ba. Kin sani ko ba ki sani ba?"

"An taɓa yi mini maganar."

"Kika ce me?"

Shugaba ya yi tari irin na mai son a san yana nan.

Ita fa Ƙarama ba bare ba ce. 'Yar yayan Koci Babba ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Lokacin da uwarta ta haifi tagwaye ta rasa hannun riƙe ta, Goggonta ta je ta ɗauko ta da kayanta a leda, tana majina. Koci Babba maza ta haifa duka, don haka ta zuba wa yarinyar nan duk abin da ta tanadar wa 'ya mace. Ita ta yi mata kitso, ita ta saya mata takalmin wasa na farko, ita ta tsaya mata a filin siminti na bayan makaranta har ta iya jifa da hagu. Da ta karye a idon sawu likita ya ce wasa ya ƙare, ita ta share mata hawaye ta ce, zo ki tsaya a gabana, ki zama ƙafata.

Koci Babba ta sauke ƙafarta daga kujera a hankali, ta dafa tebur ta miƙe.

"Zan zauna a benci. Lemonka ka ba wa wanda ke jin ƙishi."

"Madalla, Hajiya. Na san ke babba ce."

"Ban gama ba. Zan zauna, amma bakina a rufe. Tunda duniya ta ga wadda take tsaye, yau sai ta ji abin da ke cikin kanta."

Ta fita tana jan ƙafa. Ƙarama ta yi kamar za ta tashi ta riƙe ta, sai kuma ta koma ta zauna.

Ko zama ba ta gama yi a ɗakinta ba wayarta ta yi ƙara. Yayanta ne, uban Ƙarama, muryarsa tana rawa don murna, a bayansa ana jin hayaniyar mutane da jan kujeru.

"'Yar'uwa, Allah ya sanya alheri. Kin ga abin bai fita gida ba."

"Wane abu, Yaya?"

"Ah, ɗaukakar 'yarki mana. Mun fito da talabijin waje, maƙwabta duk sun hallara tun yanzu. Uwarta ko barci ba ta iya yi ba."

"Yanzu fa na fito daga ɗakin da aka faɗa mini. Ku wa ya faɗa muku?"

Sai hayaniyar ta yi nisa, alamar ya matsa gefe.

"Au, ba ki... Ai ni na ɗauka da shawararki aka yi. Tun kafin ku tashi ta gaya wa uwarta, ta ce in an kai wasan kusa da na ƙarshe za a sanar. Ta ce kada a faɗa wa kowa, to kin san matar nan da baki."

"Na san ta."

"Kada ki sa a ranki. Ke ma ai kin ci zamaninki. Gwiwar fa, da sauƙi?"

"Da sauƙi, Yaya. A gai da maƙwabta."

Ta kife wayar a kan gado. Wato mai sayar da gawayi na unguwarsu ya sani, mai ɗinki ya sani, matar yayan nan da ko ƙwallon kwando da na ƙafa ba ta bambancewa ta sani, ita kuwa sun hau jirgi tare da Ƙarama, yarinyar ta gyara mata filo a wuya, ta ɓare mata alewa saboda kunne, duk da wannan magana a cikinta.

Mai tausa ta shigo da bandeji da man zafi. Mace ce mai jiki, wadda ta san ciwon kowa da saurayin kowa, don ba wanda ke kwanciya a gadonta ya tashi da sirrinsa. Ta durƙusa ta kama gwiwar, ba ta ce komai ba, abin da bai taɓa faruwa ba.

"Kin ji ko?" in ji Koci Babba.

"Na ji ƙishin-ƙishin."

"Bari ki gani. Waɗannan da za mu kara da su ba irin na baya ba ne. Suna da wata ƙatuwa a ƙarƙashin kwando, in ta ɗaga hannu sai ta rufe fitila. Kafin a je hutun rabin lokaci yarinyar nan za ta juyo tana nemana. Shi ma mai turaren zai sauko da ƙafarsa."

"Uhm."

"Mene ne uhm?"

"Gwiwar ce ta kumbura, Mama. Ki daina motsa ta."

A motar da ke kai su fili, kujerar gaba ta Koci Babba ce, kuma ba wanda ya hau ta. Ƙarama ta wuce can baya ta zauna da allonta a cinya. 'Yan wasa suka riƙa shigowa ɗaya bayan ɗaya, kowacce ta rusuna ta ce, "Mama, ina wuni," ta wuce da sauri kamar ana bin ta bashin gaisuwa. Yau ba kiɗa, ba waƙar tsokanar direba.

Ita kuwa tana jira. Yaran nan ita ta tsinto su. Wata daga gidan da uba ya rantse 'yarsa ba za ta sa gajeren wando ba, sai da ta yi sawu har ya gaji ya ce a ɗinka mata dogo. Wata daga shagon wanke kai. Falwaya, wadda tsawonta ya ja mata wannan suna, a layin famfo ta gan ta, ta bi ta har gida. Ta tabbata in labari ya kai musu za su ajiye takalma su ce ba Mama, ba wasa. Har ta shirya abin da za ta ce: a'a, 'ya'yana, ku yi don ƙasa.

Ba wai ba su da laifi ba. Tun bara suka koyi taurin kai. Tsare-tsarenta duk sunayen kayan gida ta sa musu don kada abokan karawa su gane: makulli, tsintsiya, tukunya. To sai ta ce a yi makulli, ta raɗa wa Ƙarama, ko ma ta tara su a ɗan hutun da ake nema ta faɗa musu da bakinta, su ce "To, Mama," su koma fili su yi wani abu dabam. Sau da yawa ƙwallon ya shiga. Amma ita ba ta yarda da sa'a ba. Washegari da safe sai ta jera su su yi ta zagaye fili har harshe ya fito, tana zaune tana faɗa musu cewa wanda bai ji magana ba, ko ya ci, bai ci ba. Ƙarama ce ke riƙe usur.

Kyaftin ta shigo a ƙarshe, ta ɗauki jakar Koci Babba ta aza a sama kamar kullum.

"Mama, mun ji abin da ya faru."

"To?"

Kyaftin ta dubi bayan mota, ta dubi takalminta.

"Allah ya sa haka ne ya fi alheri."

Ta wuce. Direba ya ta da mota. Koci Babba ta juya fuskarta ga taga, tana kallon shaguna da fitilun hanya da mutanen da ba ta sani ba, har suka isa ba ta gane ko ɗaya ba.

Zauren wasan ya cika maƙil. Ganguna a wancan gefe, tutoci a wannan, ga wani ƙaton allon talabijin a rataye a sama. Mai sanarwa ya kira sunan Ƙarama a matsayin koci, ya ja shi kamar yana tallan sabulu, mutane suka yi tafi. Ya kira na Koci Babba a gurguje, ya ma karya shi biyu. Ta zauna a kujerarta, ta miƙe ƙafa, ta harɗe hannuwa a ƙirji. Can sama Shugaba yana ɗaga wa kyamara hannu.

Aka busa usur. Kuma wallahi da farko abin ya tafi yadda ta ce. Ƙatuwar nan ta tsaya a ƙarƙashin kwando kamar an dasa ta. Duk wadda ta kutso, sai ta mari ƙwallon ya koma inda ya fito. Falwaya da ake ganin tsawonta a gida, a nan sai ta zama ƙanwa. Kafin a ce me, an ba su tazara mai kyau. Koci Babba ta ji wani daɗi ya taso mata, irin wanda mutum ba ya son a gani a fuskarsa, sai ta ciro hankici ta goge baki.

Sau ɗaya Ƙarama ta juyo. Jiki ya saba, har ta fara sunkuyowa. Koci Babba ta ɗaga kai tana duban ƙarafan rufi kamar ita aka ba kwangilarsu. Yarinyar ta miƙe ta juya.

Amma shirun nan ya fi ciwon gwiwa wuya. Kalmar tana nan a maƙogwaronta: tukunya. A taru a rufe ƙatuwar mutum biyu, a bar 'yar gefe ta yi jifa in ta iya. Tana ganin Kyaftin tana haki, tana ganin an ture 'yar shagon wanke kai ta faɗi ta tashi tana ɗingishi, sai ta ji yatsunta sun kama gefen kujera. 'Ya'yanta ne ake duka. Ta ce a ranta, tana sake juyowa sau ɗaya kawai, ta ce Goggo, zan faɗa mata.

Ba ta sake juyowa ba.

Da yake yau ba ta da aikin bin ƙafafun 'yan wasa, sai idonta ya kai kan allon talabijin na sama. Nan ta ga abin da ba ta taɓa gani ba: gaban Ƙarama. Shekara da shekaru bayanta kawai take gani, da ƙeyarta. Ashe in ta tsaya, hannunta na hagu yana manne a ƙirji, yatsu suna aiki. Ta dunƙule, ta buɗe biyu, ta shafi wuyan riga. Ba alamar Koci Babba ko ɗaya a ciki.

Sai ga Falwaya ta bar ƙarƙashin kwando, inda aka ce ta zauna tun ranar da aka ɗauko ta daga layin famfo, ta fito can waje ta tsaya. Koci Babba ta kusa yin magana. Wa ke fitar da doguwa waje? Aka miƙa wa Falwaya ƙwallo, ta jefa daga nesa, ya shiga ko ƙarfe bai taɓa ba. Aka sake, ya sake shiga. Dole ƙatuwar ta baro gidanta ta biyo ta, tana tafe kamar an ɗora mata kaya. Tana fitowa, ƙananan suka riƙa zamewa ta bayanta suna ajiye ƙwallo a kwando kamar masu ajiye kwano a kan tebur.

A hutun rabin lokaci Koci Babba ba ta bi su ciki ba, ta ce gwiwa. Ba wanda ya sauko daga sama. Wani yaro mai goge fili ya tambaye ta da hannu ko tana son ruwa.

Bayan an dawo, abokan karawa suka sauya, Ƙarama ma ta sauya. Suka matsa, ta sassauta. Suka gaji, ta sako masu gudu. Kusa da tashi aka yi kunnen doki, zaure ya ɗauki ihu har benci yana rawa, ita kuwa yarinyar ko gumi babu, ta shafi wuyan riga, Kyaftin ta gyaɗa kai. Ƙwallo ya bi hannu uku ya faɗa kwando. Usur ya tashi.

'Yan wasa suka yi kan Ƙarama suka ɗaga ta sama. Shugaba ya sauko da gudun da ba a san yana da shi ba, ya kutsa tsakiya.

Kun san zuciyar uwa ba ta da tabbas. Koci Babba tana zaune tana kallo, sai ta ji fushin yana zubewa ta ƙasa. Yarinyar nan da aka ɗauko da kaya a leda. A rana ɗaya, daga safe zuwa la'asar, ta ƙirƙiro alamu, ta fitar da doguwa waje, ta kayar da waɗanda ba a taɓa kayarwa ba. A ina ta samo wannan kai? Ai ba wajen uwarta ba. Ta yanke a ranta za ta shiga ta yi mata faɗa kaɗan a kan ɓoye-ɓoye, ta bar ta ta yi kuka, sannan ta yafe. Jibi a wasan ƙarshe sai su haɗa kai, ita ta raɗa, yarinyar ta ƙara da nata. Suna kuma, a bar wa mai turare ya rubuta yadda ya ga dama.

Ɗakin sauya kaya yana warin gumi da man zafi. An watsa ruwa ko'ina, tawul a ƙasa, takalma a warwatse, ana rawa ana buga ƙofofin akwatunan ƙarfe. Tana shigowa aka yi tsit. Wata ta jawo mata kujera da sauri. Ba ta zauna ba.

"Kun yi ƙoƙari," ta ce. "Kun yi wasa."

"Mun gode, Mama."

Ta dubi Ƙarama, wadda rigarta ta jiƙe sharkaf.

"Ke kuma. Fitar da doguwa waje. Da kin tambaye ni da na ce hauka ne. Amma abin da aka fara yau ya yi kyau haka, sai a yaba."

Falwaya tana zaune a ƙasa tana kwance igiyar takalmi. Yarinya ce mai kirki, sai dai Allah ya ba ta tsawo ya rage mata wajen tauna magana.

"Ai Mama ba yau ba ne. Tun bara muke yin sa."

Wata ta taka mata ƙafa. Ta ce, "Wayyo, me na yi?"

"Tun bara," in ji Koci Babba.

Can ciki famfon wanka yana ɗiga.

"A ina kuke yin sa tun bara? Ni ina ina?"

Kyaftin ta ajiye kwalbar ruwanta. Ita ce babba, ta san ba mai fitar da su sai ita.

"In kin tafi gida, Mama. Mukan tsaya kaɗan da Koci Ƙarama."

"Alamun nan na ƙirji fa?"

"Su ma."

"Wato in na ce makulli..."

"Mukan duba hannunta. In ta ce makulli, makulli. In ta ce wani abu, to."

"Ba kullum ba ne, Goggo," in ji Ƙarama. "Sau da yawa naki nake bayarwa."

"Sau da yawa. Na gode."

Koci Babba ta bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya. Wadda aka ɗinka wa dogon wando ta sunkuyar da kai. 'Yar shagon wanke kai tana ta naɗe tawul tana warwarewa.

"Zagayen da na riƙa sa ku fa? Kuna gudu har kuna amai, ina ce muku marasa jin magana. Ba wadda ta buɗe baki ta ce, Mama, ba mu muka ƙi ba, umarni muka bi?"

"Ai motsa jiki ne, Mama," in ji Falwaya a hankali. "Ya ma taimaka mana."

Wata ta kusa yin dariya, ta mayar da ita tari.

"Ke kuma kina tsaye da usur a baki kina ƙirga musu."

Ƙarama ta kawar da kai.

Koci Babba ta juya wajen mai tausa, wadda ta duƙufa a kan idon sawun wata tana naɗa bandeji a inda tuni an naɗa.

"Ke ma?"

"Ni Mama tausa aka ɗauke ni."

"Direba fa? Shi ma ya sani?"

Mai tausa ta ci gaba da naɗa bandejinta, sauran suka kawar da ido.

Ƙarama ta matso, ta durƙusa a jiƙaƙƙen siminti a gaban kowa, kamar yadda take yi tun tana ƙarama in ta fasa kofi.

"Goggo, wasa ya sauya. Na sha kawo miki, ki ce ba a haka kika koya ba. Na nuna miki a waya, kika ce in kashe. Da na fito na ce miki ga abin da muke yi, za ki yarda?"

"Da na mare ki."

"To kin gani."

"Da na mare ki, in yi kwana biyu ba na cin abincinki, in dawo mu yi rigima a fili kowa yana ji. Ko ki kayar da ni ko in kayar da ke. Amma da na san da wa nake zaune. Ke kuwa sai kika bar ni ina raɗa miki a kunne, kina gyaɗa kai. Kuka mayar da ni rediyon da aka bari a kunne don kada ɗaki ya yi shiru."

"Girmanki muka duba, Mama," in ji Kyaftin. "Wallahi ba raini ba ne. Ba mu so ranki ya ɓaci."

"Na gani. Kun kula da ni sosai."

Daga waje aka ƙwanƙwasa. Muryar Shugaba ce, yana cewa 'yan jarida suna jiran koci, a yi sauri. Koci Babba ta ji ƙafarta ta motsa da kanta, sannan ta tuna ba ita ake nufi ba.

Ƙarama ba ta tashi ba. Idanunta sun kawo ruwa.

"Goggo, jibi ne na ƙarshe. Ki zauna a bayana. Ko ba ki ce komai ba, in na san kina nan..."

"Tashi, ana jiranki. Kada gwiwarki ta yi sanyi, ke da za ki tsaya."

"Goggo, kujerarki..."

"Ku aza jaka a kai. Ba wanda zai lura."

Kyaftin ta miƙa hannu za ta riƙe ta, ta janye kafaɗarta. Ta ratsa tsakanin takalma da tawul a hankali, tana jan ƙafa, suna matsawa suna ba ta hanya. Ta buɗe ƙofa, Shugaba yana tsaye da murmushinsa a shirye, ya ga ita ce, ya rasa inda zai kai shi. Ta wuce shi, ta kama hannun ƙofar da hannu biyu, ta maka ta da ƙarfin da ya sa akwatunan ƙarfen ɗakin duka suka amsa.